Alawus ɗin ƙarin wa'adin soja a ƙasar waje: haƙƙi ne ko tukuici?

Uwar_Khalifa
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman waɗanda suka san sha'anin aikin soja su warware mini wata gardama da ta hana mu sakat a gida. Ƙanena mai bi mini soja ne a rundunar Amurka, yanzu haka yana Koriya ta Kudu, kuma wa'adin da aka ɗibar masa a can ya kusa cika. An yi masa tayin ya ƙara shekara guda, a riƙa ba shi wani alawus a kan albashinsa, shi kuwa hankalinsa ya kwanta da tayin domin yana tara kuɗin aure da na ginin da ya fara wa mahaifiyarmu. Maigidana ya ce kada ya kuskura ya dogara da wannan kuɗi, wai tukuici ne kawai, wanda ya bayar yana iya fasawa, har ya ce ya taɓa jin an sa wasu sojoji sun mayar da abin da aka ba su bayan sun riga sun kashe. Ni kuma na ce alkawari kaya ne, gwamnatin da ta ce wa mutum ya zauna shekara guda nesa da danginsa a kan kuɗi kaza ta ci bashi ke nan, dole ta biya. Shin wannan alawus haƙƙin soja ne da zai iya tsayawa ya nema, ko alfarma ce ake yi masa?

TsohonSaje
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi shekara goma sha ɗaya cikin wannan kaki kafin na ajiye, don haka bari in fara raba miki abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Akwai ƙarin wa'adin da aka yi wa soja tayi ya amsa da yardarsa, akwai kuma wanda aka ɗora masa ba tare da an tambaye shi ba. Kuɗinsu daban, ƙa'idojinsu daban. Na ƙanenki irin na farko ne.

Tsohon tsarin da aka daɗe ana bi shi ne, ƙaramin soja mai wata sana'ar da ake buƙata, idan ya kammala wa'adinsa a ƙasar waje ya yarda ya ƙara aƙalla wata 12, sai a ba shi zaɓi ɗaya cikin huɗu: dala 80 kowane wata, ko dunƙulen kuɗi har dala 2,000 na shekarar, ko hutun kwana 30 wanda ba a cire shi daga hutunsa na shekara, ko hutun kwana 15 haɗe da tikitin jirgi na zuwa Amurka da dawowa. Ɗaya kawai ake ɗauka. Koriya kuma tana da nata tsarin, wanda rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fito da shi a 2004 a kan dala 300 kowane wata, saboda a lokacin yawancin sojoji shekara ɗaya suke yi a can ba tare da iyali ba, kuma ɗauko wani sabo kowace shekara a koya masa aiki ya fi tsada a kan a riƙe wanda ya riga ya saba. Adadin yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka kada ya yi lissafin aurensa da abin da wani ya karɓa shekarun baya.

Ɗan_Doka
Hajiya, a gafarce ni, amma maigidanki yana da hujja fiye da yadda kike zato. Kotunan Amurka ba sa kallon albashin soja da alawus ɗinsa kamar cinikin da mai gida ya ƙulla da magini. Tun 1961 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce abin da soja ya cancanta doka ce take ƙayyade shi, ba ƙa'idojin yarjejeniyar ciniki ba. Wannan yana nufin idan wani saje ko hafsa ya gaya wa ƙanenki da baki cewa za a ba shi kaza, alhali doka ko ƙa'idar da aka fitar ba ta ce haka ba, to maganar ba ta ɗaure gwamnati. A 1990 kotun ta ƙara jaddada hakan a shari'ar wani tsohon ma'aikacin rundunar ruwa mai suna Richmond, wanda jami'in da ya tuntuɓa ya ba shi bayani na kuskure har ya yi asarar fanshon naƙasa na wata shida. Kotu ta ce ba a fitar da ko kwabo daga baitulmali sai da izinin majalisa, kuskuren ma'aikaci kuwa ba ya zama izini.

Mai_Jirgin_Ruwa
Malam Ɗan_Doka, ka kawo shari'o'in da gwamnati ta ci, ka bar wadda aka kayar da ita, alhali ita ce ta fi kama da tambayar Hajiya. A 1977 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar wani sojan ruwa mai suna Larionoff da abokan aikinsa. Sun sa hannu tun farkon shigarsu cewa za su ƙara shekaru a kan wa'adinsu, domin a lokacin sana'arsu ta gyaran na'urorin sadarwa tana cikin jerin sana'o'in da ake biyan ƙarin kuɗi mai tsoka a kansu. Kafin lokacin ƙarin ya kama, a 1972, sai rundunar ta cire sana'ar daga jerin, ta ce ba su da komai. Kotu ta ce a biya su gwargwadon abin da ake biya ranar da suka ɗauki alkawarin. To idan wannan ba bashi ba ne, mene ne sunansa?

Ɗan_Doka
Na san shari'ar, kuma na gode da ka kawo ta. Amma ka duba dalilin da ya sa suka yi nasara. Kotu ba ta ce an yi musu alkawari don haka dole a cika ba. Cewa ta yi majalisa ta ƙirƙiro kuɗin ne domin ya ja hankalin soja a daidai lokacin da yake yanke shawarar zai tsaya ko zai tafi, saboda haka ƙa'idar da rundunar ta rubuta ta saɓa wa manufar dokar, ita ce ɓatacciya. Dokar ce ta tsaya musu. Kuma alƙalai biyar ne suka goyi bayansu, huɗu suka ƙi, bayan shekaru ana jeka-ka-dawo a kotu.

Ustaz_Na_Tudun_Wada
Ni ban san dokar Amurka ba, amma malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan. Akwai ijara, inda ake ɗaukar mutum aiki a kan lada sananne, akwai kuma ji'ala, inda mutum zai ce duk wanda ya yi mini aiki kaza zan ba shi kaza. A mazhabar Malikiyya mai ji'ala ba shi da komai sai ya kammala aikin gaba ɗaya. Ina ganin wannan alawus ji'ala ne, don haka idan yaron ya cika shekarar kuɗin ya zama haƙƙinsa, hana shi kuwa zalunci ne, domin an umarce mu mu ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kalmar tukuici da maigidan Hajiya ya yi amfani da ita ba ta dace ba ko kaɗan. Tukuici abin da ake ba ɗan aike ne don jin daɗin saƙon da ya kawo, ba a yin sharaɗinsa kafin a tashi.

Almajirin_Zaure
Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa in ɗan yi gyara, idan na yi kuskure a mayar da ni hanya. Abin da aka karantar da mu shi ne ba a yanka wa ji'ala lokaci, domin aikin ne abin nema, kamar a ce wanda ya samo mini raƙumina da ya ɓata. Nan kuwa lokacin ne kansa ake saye, wata goma sha biyu ƙirgaggu. Wannan ya fi kusa da ijara, kuma bambancin yana da amfani ga tambayar, domin idan ijara ce, wanda ya yi wata bakwai aka janye shi ba da laifinsa ba yana da ladan wata bakwai, ba za a ce ya tashi a tutar babu ba.

Kofur_Mai_Ritaya
Ina karanta maganganunku na dala 300 da tikitin jirgi ina murmushi. Ni na yi aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta Afirka, ba zan faɗi wace ce ba, kuma ba zan faɗi bataliyarmu ba. Wata shida aka ce mana. Ranar da ya kamata waɗanda za su karɓe mu su iso sai aka ce babu jirgi, muka kwance jakunkuna, haka muka yi ta ƙirga Juma'a har muka ƙara wata huɗu. Babu wanda ya kawo mana takarda ya ce mu zaɓa. Gardamarmu ba ta ƙarin kuɗi ba ce ma, tambayar ita ce ko alawus ɗin watannin nan huɗu zai fito daidai da na sauran.

Abin da farar hula da yawa ba su sani ba shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ba sojan take biya kai tsaye ba. Ƙasar da ta turo shi take mayar wa kuɗi a kan kowane mutum, kuma a Yulin 2018 an mayar da adadin dala 1,428 a wata. Abin da zai shiga aljihun kofur kuwa ƙasarsa ce take yankewa. A tsakanin kuɗin da ya fito daga New York da wanda ya iso hannunka akwai tebura da yawa. Ku tuna abin da ya faru a Akure a Yulin 2008, lokacin da sojojin da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya suna neman alawus ɗinsu. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, lauya Femi Falana ne ya tsaya musu, daga baya aka sassauta zuwa shekara bakwai. Soja ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki, idan ya ɗaga murya cikin taro sunan abin bore.

Ɗan_Zongon_Abidjan
Baba Kofur, Allah ya saka muku da alheri. Mu nan Côte d'Ivoire mun ga inda irin wannan ƙorafi ya kai. A Disambar 1999 sojojin da suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ne suka fito titunan Abidjan suna neman alawus ɗin da ba a biya su ba. Kafin a wayi gari sau biyu Shugaba Henri Konan Bédié ya bar mulki, Janar Robert Guéï ya hau. Wannan shi ne juyin mulki na farko a tarihin ƙasar.

Uwar_Khalifa
Na gode ƙwarai, kuma Baba Kofur labarinka ya taɓa ni. Sai dai ina roƙon a ɗan dawo kan tambayata, domin yaron nan an ba shi kwanaki ƙalilan ya ba da amsa. Zancen mayar da kuɗi da maigidana ya yi, gaskiya ne yana faruwa a Amurka?

TsohonSaje
Yana faruwa, Hajiya, kuma a rubuce yake. Idan aka ba soja kuɗi a dunƙule a kan zai yi wata goma sha biyu, sai ya yi takwas ya bar wurin, doka ta ce ya mayar da kason watannin da bai yi ba, sai dai idan rasuwa ce, ko raunin fagen fama, ko aka ga karɓar kuɗin zai zama rashin adalci. Ko wannan togaciyar ma sai da aka yi surutu ta zauna da gindinta, domin a 2007 an aika wa wani sojan da ya ji rauni a Iraƙi takardar ya mayar da kusan dala 3,000, jaridu suka ɗauka, rundunar ta ce kuskure ne.

Babban abin da maigidanki ya ji, ina kyautata zaton na California ne. A Oktoban 2016 jaridar Los Angeles Times ta fallasa cewa ana bin sojojin ko-ta-kwana na jihar, waɗanda ake kira aiki idan buƙata ta taso, kusan 10,000 bashin kuɗin sabunta aiki da aka ba su shekaru goma da suka wuce, lokacin da ake neman mutane ido rufe saboda yaƙin Iraƙi da Afghanistan, da yawansu dala 15,000 ko fiye. Masu rabon kuɗin ne suka ba waɗanda ba su cika sharuɗɗa ba, har an ɗaure wata jami'a wata 30 a kan haka, amma sai aka bi waɗanda suka karɓa da zuciya ɗaya suka tafi yaƙi, har da kuɗin ruwa. Sakataren tsaro na lokacin, Ash Carter, ya dakatar da karɓar kuɗin cikin kwanaki, daga baya majalisa ta sa aka yafe wa mafi yawansu. Sai dai a lura, wannan kuɗin sabunta aiki ne, ba na ƙarin wa'adi a ƙasar waje ba. Darasin da ya shafi ƙanenki shi ne ya tabbatar da kansa cewa muƙaminsa da sana'arsa suna cikin waɗanda tsarin ya ambata, domin idan aka biya shi bisa kuskure, shi za a bi.

Gaskiya_Ɗaci
Ni fa ban ga abin kuka a nan ba. Wanda ya shiga soja ya san ya miƙa wuyansa, inda aka ce ya je nan zai je, ranar da aka ce ya dawo ita ce ranar dawowarsa. Malamin makaranta da aka tura ƙauye aka manta da shi shekara biyar wa ya ba shi ko sisi na ƙarin wa'adi? Waɗannan ana ba su albashi, ana ba su abinci da wurin kwana da magani, sannan a ƙara musu kuɗi don sun zauna inda aikinsu yake, kuma a ce ana gardama. Duk abin da aka ɗora a kan albashi kyauta ce, mai kyauta kuma ba a kai shi ƙara.

Matar_Soja_Biyu
Malam Gaskiya_Ɗaci, malamin ƙauye yana iya zuwa gida ranar Juma'a, kuma idan ya gaji yana iya rubuta takardar ajiye aiki. Ina so ka sa kanka a matsayin iyalan birget ta 172 ta sojan Amurka, wadda a 2006 take Alaska. A Yulin shekarar sojojin sun kusa cika shekara guda a arewacin Iraƙi, mata sun rubuta allunan maraba, an yi wa yara alkawari, wasu sojojin ma sun riga sun sauka gida. Sai aka ce an ƙara musu wata huɗu, an kuma mayar da su Bagadaza inda wuta ta fi ruruwa, aka kira kimanin 300 daga waɗanda suka iso gida suka sake hawa jirgi. An biya su dala 1,000 a kan kowane watan da ya haura goma sha biyu, kamar yadda aka yi wa dakaru kimanin 20,000 da aka tsawaita wa zama da kwana 90 a Afrilun 2004. Ka tambayi kowace mace a cikinsu ko za ta sayar da watannin nan huɗu a kan dala 4,000. Maigidana da ɗana na fari duk sun sa kaki, na san yadda ake kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Idan gwamnati ta ɗauki abin da ba ta saya ba tun farko, kuɗin da za ta bayar diyya ce, ba kyauta ba.

Gaskiya_Ɗaci
Hajiya, ban raina wahalarku ba, Allah ya ba ku lada. Amma abin da kika kawo na dole ne, TsohonSaje kuma ya ce na yaron nan na ganin dama ne. Wanda aka tambaya ya ce ya yarda ba shi da diyya a kan kowa.

BaƙonMinneapolis
Layin da ke tsakanin dole da ganin dama bai kai kaurin da Gaskiya_Ɗaci yake zato ba, kuma jihar da nake zaune ta ga misali. Sojojin ko-ta-kwana na Minnesota kimanin 2,600, mutanen da a rayuwar yau da kullum malamai ne da direbobi da manoma, suna Iraƙi a Janairun 2007 lokacin da Shugaba Bush ya ba da sanarwar ƙara dakaru. Aka tsawaita musu zama da kwana 125, iyalansu ma sun riga da yawansu jin labarin. Jimilla sun yi wata 22 ba sa gida. Da suka dawo suka nemi cikakken tallafin karatun da a lokacin ake ba wanda aka kira aiki na kwana 730, sai fiye da 1,100 daga cikinsu suka tarar takardar umarninsu kwana 729 ko ƙasa da haka aka rubuta. Mutum biyu sun kwana a tanti ɗaya, sun dawo a jirgi ɗaya, ɗaya ya cancanta ɗaya bai cancanta ba, saboda abin da wani ya buga a takarda. Wasu sun ce da gangan aka yi don a rage kashe kuɗi, rundunar ta musanta, aka ce kowa ya kai kokensa hukumar gyara bayanan aikin soja.

Ba a nan ta tsaya ba. An kuma yi musu alkawarin kwanakin hutu mai albashi saboda daɗewar da suka yi, amma kafin a gama rubuta ƙa'idar aiwatarwa sun riga sun tuɓe kaki. Sai a 2009 majalisa ta amince a biya su har dala 200 a kan kowace rana, kuɗin bai fara shiga hannu ba sai 2010. Babu wanda ya ce ba su cancanta ba, amma shekara uku suka yi suna jira.

Ɗan_Doka
Misalin Minnesota yana ƙarfafa abin da na faɗa tun farko, domin duk da kowa ya yarda an ƙware su, sai da majalisa ta yi sabuwar doka kafin a iya biya. Haka aka yi da waɗanda aka hana sallama bayan wa'adin aikinsu ya ƙare, tsarin da 'yan adawa suka kira ɗaukar soja na dole ta bayan gida. A 2009 ne aka ware dala 500 a kan kowane watan da aka riƙe mutum tsakanin 11 ga Satumba 2001 da 30 ga Satumba 2009, aka ƙiyasta mutum 145,000 sun cancanta. Ba a tura wa kowa kuɗin haka kawai ba, sai ka cike takarda ka nema, kuma an yi ta ɗage ranar rufewa domin da yawa ba su nema ba. Sannan aka ce wanda aka riƙe, daga baya ya sabunta aikinsa da kansa ya karɓi kuɗin sabuntawa, ba ya ciki. A nan ne gardama ta yi zafi, domin wasu sun ce sun sa hannu ne don sun ga ko sun ƙi ba za a sake su ba, gara su karɓi wani abu. To wannan yarda ce ko dole ce?

Ustaz_Na_Tudun_Wada
Almajirin_Zaure, na sake dubawa, gyaranka yana kan hanya, Allah ya ƙara basira. Tambayar Malam Ɗan_Doka ta ƙarshe kuma tana kama da cinikin wanda aka matsa wa, malamai sun yi maganganu masu tsawo a kansa.

TsohonSaje
Tun da an zo kan takarda, bari in faɗi wautar da na yi da kaina ko wani zai amfana. A wani sansani da ba zan ambata ba na yarda na ƙara shekara. Na sa hannu a takardar ƙarin wa'adi, na ɗauka shi ke nan. Ashe alawus ɗin yana da tasa takardar yarjejeniya daban. Na tambayi magatakardan da ke kula da mu, ya ce kada in damu zai shiga da kansa. Ni kuma ban saba duba takardar albashina layi-layi ba, jimillar kawai nake kallo. Sai a wata na huɗu na lura babu komai. Da na je aka ba ni takardar na sa hannu, kuɗin ya fara daga ranar. Na watannin baya na bar shi, domin ba ni da abin nunawa sai cewa wani ya gaya mini, shi kuma an riga an sauya masa wurin aiki. Daga baya na gane ina da damar kai koke, domin neman kuɗi a wurin gwamnati yana da wa'adin shekara shida, hukumar gyara bayanai kuma shekara uku daga ranar da ka gano kuskuren, amma a lokacin na ga wahalar ta fi kuɗin.

Saboda haka, Hajiya, ya nemi ganin adadin a rubuce, da ranar farawa, da ranar ƙarewa, ya ajiye kwafinsa a wurin da ba kwamfutar ofis ba. Kuma ya sani Koriya ba ta cikin yankunan yaƙi da ake yafe wa haraji, don haka za a cire haraji daga kuɗin kafin ya iso hannunsa. Sau da yawa a nan ma ake samun ɓacin rai, mutum ya yi lissafi da kuɗin da aka faɗa, ya ga abin da ya shigo bai kai ba, ya ɗauka an cuce shi.

Kofur_Mai_Ritaya
Saje, kai aƙalla takardar albashi ake ba ka mai layi-layi. Mu a zamaninmu layi muke shiga a kira lamba.

Mai_Jirgin_Ruwa
Har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Duk misalan da aka kawo, daga na 1977 zuwa Minnesota da California, a ƙarshe an biya ko an yafe. Da tukuici ne da babu majalisar da za ta zauna a kansa. Abin da Ɗan_Doka yake kira rashin haƙƙi ni jinkirin biyan bashi nake gani.

Ɗan_Doka
Waɗanda aka biya su ne waɗanda suke da yawa har jarida ta ji kukansu, kuma suna da sanatoci masu neman ƙuri'arsu. Na wata huɗun TsohonSaje wace majalisa ce ta zauna a kansu?

Uwar_Khalifa
Jama'a, na tura masa duk abin da kuka rubuta, ya je ya nemo takardar ya karanta mini ta waya. Adadin yana nan a rubuce da ranar farawa, kuma takarda biyu ce kamar yadda Saje ya faɗa, ya ce da bai tambaya ba ɗaya kawai ya san da ita. Akwai kuma sakin layin da ya ce idan bai cika wa'adin ba za a tsayar da kuɗin, abin da aka biya fiye da ƙima kuma a karɓe. Maigidana ya ce ai ga maganarsa nan, ni kuma na ce ai ga tawa nan tunda an rubuta. Mahaifiyarmu da muka gaya mata ta ce ita ba ginin take so ba, ɗanta take so ta gani kafin azumi, ko da hutun kwana 15 ɗin nan ne da tikiti.

Matar_Soja_Biyu
Ki gaishe mini da Mama, ki ce mata na fahimce ta. Amma a gaya mata tikitin iyakarsa Amurka, daga can zuwa gida aljihunsa ne, kuma ya fara tambaya ko wannan zaɓi yana cikin tsarin da aka yi masa tayi, domin ba a haɗa biyu.

Almajirin_Zaure
Yaya, akwai abu ɗaya da ban ji amsarsa ba, shi ne wanda muka tattauna da Malam. Sakin layin da ya karanta miki, ya bambanta tsakanin ya bar wurin da kansa da kuma rundunar ce ta janye shi kafin lokaci? Idan su suka sauya masa wurin aiki a wata na bakwai, na watannin da ya riga ya yi nasa ne, ko shi ma yana cikin abin da za a karɓe?

Uwar_Khalifa
Ban tambaye shi wannan ba. Yanzu ƙarfe biyun dare ne a can, kuma da asuba suke fita atisaye. Zan tura masa tambayar ya gani idan ya tashi, ranar Alhamis ce dai aka ce ya kai amsa.